Tsiren kaza da kindirmo, yadda nake gasa shi a tsakar gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar sunan ɗiyar ƙanwata da na gasa tsiren kaza a gidanmu na unguwar Birni a Damagaram mata ke ta tambayata wai mi na sa ma naman nan ya yi laushi haka, wasu har sun ɗauka dafa shi na fara yi kafin in ɗora a wuta, toh wallahi ban dafa ba, kindirmo ne kawai, kindirmon nan namu da muke dama fura da shi kullum. Na gaji da maimaita bayani ɗaya bayan ɗaya a waya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wadda ta gwada ta ji daɗi ta sa ni a addu'a.

Kowa ya san matsalar kaza a kan garwashi, musamman kazar gida, kafin cikinta ya nuna bayanta ya bushe ya zama kamar igiya, ki ta tauna har muƙamuƙi ya gaji. Naman sa da na rago suna da kitse da ke kare su shi ya sa masu tsire ba su shan wahala da su, kaza kuwa ba ta da wannan, tsoka ce zalla. Mutanen Indiya da Pakistan sun daɗe da gano maganin abin, suna jiƙa kaza a yawur da kayan ƙamshi su gasa su ce mashi tikka, 'yan Labanan ma suna da nasu da suke kira shish tawuk, kuma in kika duba da kyau yawur ɗin nan da ake ta faɗi ba wani abu ba ne illa madarar da aka dafa aka sa ma iri ta kwana ta yi tsami, wato dai kindirmo. Abin na hannunmu tun kaka da kakanni, ba mu dai saba haɗa shi da nama ba ne. Tsamin da ke cikin nono mai sauƙi ne, a hankali yake sassauta tsokar ba kamar lemun tsami ko binegar ba da in suka daɗe a jikin nama sai bayansa ya yi fari ya takure kamar an dafa, sannan kaurinsa yana riƙe yaji a jikin naman ya yi mashi kamar riga, wuta ta fara cin rigar kafin ta kai ga tsoka.

Bari in fara da nonon don nan ne mutane suka fi faɗuwa. Dan Allah kar ki ɗauko yawur na leda mai sukari da ake saidawa a butik ki ce za ki jiƙa nama da shi, na sha ne wannan, sukarin da ke ciki yana ƙonewa tun naman bai ji wuta ba, sai ki ga tsire ya yi baƙi ƙirin a waje ciki kuma ɗanye, ga ɗaci, ga warin banil a jikin kaza. Karon farko da na gwada da irin shi na yi kuma kaji biyu suka tafi a banza, abin ya yi mani ciwo sosai don baƙi ne muka yi daga Tanut ranar. In na kanti za ki saya ki nemi wanda aka rubuta nature a jiki, marar sukari marar ƙamshi. Ni dai kindirmo na fi so, kuma kindirmo nake nufi ba tsala ba, tsala an kaɗe mata mai ta yi ruwa-ruwa, ba ta kama jikin nama. Akwai wata dattijuwar Bafulatana da ke kawo mana, in zan yi tsire tun jiya nake ce mata Inna dan Allah gobe ki ware mani mai kauri wanda ba a taɓa da ruwa ba, ta ce to ɗiyata, kuma ba ta taɓa saɓa mani ba. In ba ki da mai kawo maki ki yi naki, ko da madarar gari ce, ki dama ta da kauri da ruwan da aka tafasa, ki bari ta huce har ki iya sa yatsa ki jure, ki zuba cokali biyu na tsohon nono ki rufe ki ajiye wuri mai ɗumi, da zafin Damagaram awa 6 zuwa 8 ya kama.

Ko mai kaurin ne sai kin tace shi, wannan kar ki tsallake. Ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya ko matankaɗi, ki ɗora a bakin kwano, ki zuba rabin lita ki sa a firigo awa ɗaya ko biyu, ruwan nan mai ɗan kore-kore zai tsiyaye ƙasa, abin da ya rage a sama zai yi kauri har in kika ɗebo da cokali ya tsaya bai zuba ba, zai kai kamar kofi ɗaya, gram 250 ke nan ko sama kaɗan, kuma shi ya ishi kilo ɗaya na tsoka. Dalili shi ne ruwa abokin gabar gashi ne, in nonon ya yi tsululu zai yi ta ɗiga a kan garwashi yana kashe shi, toka na tashi tana manne wa nama, naman kuma maimakon ya gasu sai ya turaru ya fito fari fat ba sha'awa. Ruwan da ya tsiyaye kar ki zubar, ki sa a kwaɓin fanke ko kunu.

Sai kaza. In ta gidan gona ce aikinki ya yi sauƙi, tana da tsoka kuma da ma mai taushi ce. In ta gida ce, wadda ni ita na fi so don ɗanɗano ba a haɗa su, toh ki zaɓi budurwar kaza ko matashin zakara, kar ki yarda a haɗa ki da tsohuwar da ta gama ƙyanƙyasa, ita wannan sai tukunya. In kin je kasuwar Dole ko kin aiki yaro, a taɓa ƙarshen ƙashin ƙirjinta, in yana lanƙwasa kamar guringuntsi yarinya ce, in ya yi tauri ƙam ta tsufa. Ranar Alhamis da mutanen ƙauye ke shigowa an fi samun zaɓi. Ki sani kazar gida ba ta da auki in aka cire ƙashi, sai kin haɗa biyu ko uku kafin ki samu kilo, amma ba asara ba ce, ƙasusuwa da fukafukai da wuya su tafi romo. Zabo ma yana yi, sai dai shi ya fi kaza bushewa, ki ba shi kwana guda cur a cikin nonon.

Cinya ta fi ƙirji daɗin tsire nesa ba kusa ba, tana da ɗan kitse kuma ko kin ɗan wuce lokaci ba ta bushewa, ƙirji kuwa minti biyu in kika ƙara mashi ya tafi. Toh ki raba su, tsinken cinya daban na ƙirji daban, saboda ba lokaci ɗaya suke nuna ba. Ƙundu da hanta su ma daban. Ki cire fata, ki yanka kamar girman goro madaidaici, santimita 3 haka, kuma ki yi ƙoƙari su zo kai ɗaya don in wani ƙato wani ƙarami, ƙaramin zai ƙone kafin ƙaton ya nuna. Ba a shimfiɗa shi fale-fale irin na tsiren sa, kaza in ta yi siriri bushewa take. Bayan kin wanke ki tsane shi sosai da ƙyalle mai tsabta, kuma wankin ki yi shi nesa da inda kika ajiye salati da tumatir, ruwan ɗanyar kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela masu sa zawo da zazzaɓi, wuƙa da faranti da hannunki duk sai an bi su da sabulu.

Yanzu haɗin, na kilo ɗaya. A turmi ki daka tafarnuwa ƙwara 6 da ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa har su yi laushi, ki kwashe ki zuba a cikin tacaccen nonon. Ki sa gishiri ƙaramin cokali 2, in za ki sa magi ki rage gishirin ya koma ɗaya da rabi ko ɗaya. Garin jan tattasai babban cokali 2, na Diffa in kin samu, shi ke ba da wannan jan launi mai kyau ba tare da yaji ya yi yawa ba, kuma ba kya buƙatar wata kalar leda. Barkono gwargwadon bakin gidanku, masoro rabin ƙaramin cokali, kurkum rabin ƙaramin cokali, kanumfari ƙwara 3 kacal a daka, kimba ɗan sili ɗaya, su biyun nan in suka yi yawa suna danne komai har ki rasa ɗanɗanon kazar. Man gyaɗa babban cokali 2, yana taimakawa kar ya manne a raga. Lemun tsami rabin guda ya isa, in ma kindirmon ya kwana biyu ya yi tsami sosai ki bar lemun sai wajen ci. Albasa kuma ni ba na markaɗa ta a ciki don ruwa take saki, in kina son ɗanɗanonta ki goga rabi ki matse ki sa kaɗan. Ki juya ki ɗanɗana tun kafin nama ya shiga, ya kamata ki ji gishiri ya ɗan fi na miya fitowa, don nama zai shanye.

Wata za ta ce ina ƙuli-ƙuli, ai tsire ba ya tsire sai da shi. Gaskiya ne amma kar ki sa shi cikin nonon, na gwada, yana shan ruwa ya zama kamar kwaɓaɓɓen tuwo ya yi ta faɗuwa a wuta yana hayaƙi. Ki daka yajin ƙulinki daban da citta da barkono da ɗan gishiri ki ajiye, lokacinsa na zuwa.

Tun kafin ki zuba kayan haɗin can a cikin tacaccen nonon ki ɗebi wanda ba a haɗa ba kamar cokali 4 ki ajiye gefe a rufe, na miyar dangwale ne. Sai ki zuba kaza cikin haɗin ki cuɗa da hannu sosai kowane yanki ya samu, a roba mai murfi ko kwanon tangaran ko na silba marar tsatsa, banda tukunyar dalma, tsami yana cin ta ya ba abinci wani ɗanɗanon ƙarfe. Ki rufe ki sa a firigo. Kazar gidan gona awa 3 zuwa 4 ta isa, ta gida ki ba ta awa 8 zuwa 12, wato ki haɗa da safe ki gasa bayan magariba, ko ki haɗa da dare ki gasa da rana. Kar dai ya wuce awa 24, daga nan naman sai ya fara yin laɓo-laɓo, laushin da ba daɗi.

Maganar firigo ba wasa nake ba. Mu nan watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ɗanyar kaza da nono in suka zauna a waje cikin irin wannan zafin awa ɗaya ma ya yi yawa, kuma kar ki ce ai tsamin nono zai kare shi ko ai wuta za ta kashe komai, akwai dafin da ƙwayoyin cuta ke bari wanda gashi ba ya kashewa. Gindin randa ma bai isa ba, sanyin da ake so digiri 4 ne ko ƙasa. In ba ki da firigo ko an ɗauke wuta ki sayi ƙanƙara ki zuba a kula, ki ɗaure naman a leda biyu ki binne a ciki, in ta narke ki ƙara. In wannan ma bai samu ba gara ki jiƙa minti 30 kawai a inuwa ki gasa, ba zai kai wancan laushi ba amma kin tsira da lafiyar yaranki.

Tsinke in na icce ne ki jiƙa shi a ruwa minti 30 don kar ya kama wuta. Na ƙarfe ya fi, musamman mai faɗi wanda nama ba ya juyawa a jikinsa in kin juya, maƙera na yi in kika kwatanta masu. Wajen soka naman ga abin da mutane ba su yi: ki share yawan nonon da yatsa, ki bar ɗan shafe kawai a jiki, ba a so yana ɗiga. Yanki 5 ko 6 a kowane tsinke, su taɓa juna amma kar ki matse su kamar an cusa, zafi na son hanyar shiga tsakani. Masu jera albasa da tattasai tsakanin nama don ado, yana da kyau a hoto amma suna sakin ruwa a jikin kazar, ni nasu tsinken daban nake yi masu, jar albasar Galmi in ta gasu ita kaɗai zaƙi take kamar an sa sukari. Ragowar haɗin da nama ya kwana a ciki ki zubar, kar ki shafa a kan gasasshe kuma kar a dangwala.

Toh sai wuta, kuma a nan ne haƙuri ke aiki. Ki hura gawayi tun kina soka nama don yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya yi daidai, da ƙirare ko takarda za ki kunna, banda leda banda fetur banda kananzir, warinsu na shiga nama kuma fetur ya ƙona mutane da yawa. Ki jira har harshen wuta ya mutu gawayin ya yi ja farar toka ta rufe shi. Wani dattijo mai tsire a Zango da maigidana ke saye wurinsa shi ya fara nuna mani wannan, na ce Baba mi ya sa naka ba ya ƙonewa, ya ce ɗiyata garwashi ke gashi ba harshen wuta ba, duba tukubata ki gani ko nama na taɓa wuta. Tun daga ranar nake tura garwashin ya taru gefe ɗaya na murhu, ɗaya gefen in bar shi da kaɗan, wurin gudu ke nan in wuta ta yi yawa. Raga ta zauna sama da garwashi kamar santimita 10 zuwa 12, ki gwada da tafin hannu daidai tsayin ragar, in kin iya ƙirga 4 ko 5 kafin ki janye ya yi, in tun a 2 kin janye ki ƙara jira. Ki bari ragar ta yi zafi, ki goge ta da rabin albasa da kika tsoma a mai.

Ki jera tsinkayen a gefen mai zafi ki ƙyale su. Kar ki taɓa, minti 3 zuwa 4, nama mai nono yana manne wa raga da farko kuma in kika ja da ƙarfi rigar nan mai daɗi ce za ta zauna a ƙarfe, in ya gasu shi da kansa zai saki. Ki juya, ki sake ba shi kamar haka, sannan sauran gefunan, gaba ɗaya ƙirji minti 10 zuwa 12, cinya 12 zuwa 15, kazar gida takan ɗan fi haka kuma ita bayan ta yi launi ki maida ta gefen da ba zafi sosai ta ƙarasa a hankali. In mai ya ɗiga wuta ta tashi ki janye tsinken gefe kawai, kar ki watsa ruwa toka ta tashi. Mafici kuma a hankali, lokacin hunturu ma iska kaɗai ta isa har sai kin sa kariya. Ɗan baƙi-baƙin da ke fitowa a gefe-gefe shi ake so, nan daɗin yake, wanda ba a so shi ne ya yi baƙi duka. Saura minti 2 ki sauke sai ki shafa man gyaɗa ko man shanu kaɗan ki barbaɗa yajin ƙulin nan, ya ɗan ji wuta ya yi ƙamshi bai kai ga ƙonewa ba.

Kaza ba a cin ta da saura, ba irin naman sa ba ne. In kina da ma'aunin zafi na abinci ki soka a yanki mafi kauri ya nuna digiri 74. In babu, ki ciro mafi girma ki tsaga, ciki ya zama ba wannan sheƙin ɗanyen nama, ruwan da ke fita ya zama garau ba ja ba, cinyar kazar gida da ma tana da duhu ko ta nuna, toh ki duba ruwan da yadda tsokar ke rabuwa. Ki kwashe a faranti mai tsabta, ba wanda ɗanyen ya zauna ba, ki rufe minti 5 kafin a ci don ruwan ya koma jikin nama.

Abu ɗaya da nake roƙo, lokacin ɗari kar sanyi ya sa ki shiga da murhu ɗaki ki rufe ƙofa, gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai dai ya ji ciwon kai da barci, an rasa rayuka ta haka. A tsakar gida ake yi.

Wadda ba ta son gawayi, tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gas ya shiga gidaje da yawa a garin nan, ki ɗora kasko mai kauri ya yi zafi sosai ki shafa mai kaɗan ki gasa kaɗan-kaɗan kar ki cika shi, ko a fur, wato tandan gashi na gas ko na lantarki, digiri 220 kamar minti 15 zuwa 18 ki juya sau ɗaya. Zai yi daɗi amma ƙamshin hayaƙin nan babu.

Nonon da kika ajiye gefe, in kin tabbata da dafaffiyar madara aka yi shi, ki sa mashi tafarnuwa ƙwara ɗaya dakakka, ɗan gishiri, na'ana'a irin ta shayi yankakka da digon lemun tsami, shi ke nan miyar dangwale, tana kashe zafin barkono yara ma sai su ci. A yanka albasa da tumatir da kokombur, a kawo burodi mai zafi a tsaga a zare tsinke a ciki, ko a ci da shinkafa ko dambun kopto, mu dai gidanmu da burodi ne sai maigida ya ɗora shayi a kan ragowar garwashin. In ya rage, ki zare daga tsinke ki sa a firigo kafin awa 2, lokacin zafi kafin awa ɗaya, gobe ki ɗumama a kasko da cokali biyu na ruwa a rufe har ya yi zafi sosai. Ragar kuma ki kankare ta tun da sauran ɗuminta, nono in ya bushe a jikin ƙarfe fitarsa sai da wahala.